Ka Rubuta a Ƙasa Kafin Ka Taɓa Waya

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga Bungudu, daga hannun mahaifinka Mamman mai waya, zuwa ga ɗana mai sunan Malam.

Aminci ya tabbata a gare ka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya sauke ka Zariya lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Innarka ce ta ce a cusa ta ƙarƙashin ƙuli-ƙuli, wai ta tabbata kafin jirgi ya wuce Tsafe hannunka ya kai gindin jaka. Idan haka ta faru, to ka goge man da ke yatsunka, ka gyara zama, domin maganar da tsawo.

Ka san tun da aka haife ka bakina bai taɓa kiran sunanka ba. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ne a kanka, kunya biyu ke nan. Da wannan kunyar muka zauna shekara goma sha tara, ina yi maka magana ta bakin innarka, ko in yi ta da katanga kana ji. Na san idan na raka ka tashar Gusau ba abin da zai fito daga bakina sai Allah ya kiyaye hanya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kwana bakwai ke nan abinci ba ya shiga cikina yadda ya saba, innarka tana zaton zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne, tsoro ne, kuma kai ne dalilinsa.

Ran Litinin da ta wuce aka kawo ƙararrawar batir ta gidan wani attajiri, wai ta daina ƙara. Ina zaune a zaure kana dubawa. Na ga ka ɗauki bakin wayoyin biyu ka ɗora a harshe, ka ɗan yamutsa fuska, ka ce batirin da sauransa. Na tambaye ka, bolt nawa ya rage? Ka yi dariya ka ce, “Baba, hannu ya sani.” Kuma ka gyara ta, ta yi ƙara, mai ita ya yaba maka. Ni kuwa kalmar nan ta hannu ya sani ce ta tsaya mini a rai. Wannan maganar ba taka ba ce, tawa ce. Da ita na yi tashe a kan wayar tangarahu daga Tsafe har Bungudu, kuma a bakina ka tsince ta tun kana rarrafe. Inda za ka, gidan aikin jirgin ƙasa, ba batirin ƙararrawa ba ne a can. Injin wuta ne babba, wanda idan ka ɗanɗana shi da harshe ba za ka samu zarafin faɗin abin da ka ji ba.

Bari in maimaita maka abin da na san ka sani, amma ka raina. Wanda ya koya mini shi ne Malam Ndagi, wani Banufe da ya shugabance mu lokacin da na shiga aikin waya. Mutum ne gajere, mai sanyin magana, ba ya hawa falwaya sai ya tsuguna a gindinta ya yi zane a ƙasa da tsinke. Mu matasa muna ce masa mai duba, muna dariya a bayan idonsa.

Ya ce mana abu huɗu ne a cikin wutar nan. Akwai turi, wato ƙarfin da ke ingiza ta, ana auna shi da bolt. Akwai gudu, wato yawan wutar da ke wucewa ta cikin waya, ana auna shi da amfiya. Akwai turjiya, wato yadda waya ko fitila ke ƙin ba ta hanya, ana auna ta da om. Sannan akwai aikin da wutar ke yi, ko haske ko zafi ko juya ƙarfe, ana auna shi da wat. Da ya ga mun saki baki, sai ya kai mu fadama inda ake ban ruwa da jigo. Ya ce tudun da ruwa ya gangaro daga kansa shi ne turi, ruwan da ke bin lambatu shi ne gudu, ƙuncin lambatun da ciyawar da ta toshe shi su ne turjiya. Biyu na farko agogon gwaji zai nuna maka su da allurarsa. Biyun ƙarshe kai za ka fitar da su da kanka. Ka raba turi da gudu, turjiya ta fito. Ka ninka turi da gudu, aiki ya fito. Idan turi sha biyu ne gudu kuma uku, turjiya om huɗu ce, aiki kuwa wat talatin da shida. Iyakarsa ke nan, ko mai tallar gyaɗa zai iya.

Na haddace shi a rana ɗaya, na fi kowa sauri. Saurin nan shi ya cuce ni, domin abin da bai ba ni wuya ba ban ga girmansa ba. Ni a lokacin abin alfaharina shi ne hannuna. Ina hawa falwaya kafin wani ya gama ɗaura igiya, ina murɗa waya biyu su zama kamar ɗaya. Me zai sa in tsuguna ina zane a ƙasa kamar mai bugun ƙasa?

Wata damina, kana goye a bayan innarka, aka bar mini kula da waya tsakanin Gusau da Bungudu. Sai akawun gidan waya ya ce saƙo yana zuwa a raunane, da ƙyar yake jin bugun. Na sa agogon gwaji. Allurar da ta saba tsayawa a kan talatin ta dawo goma. Ban tsaya tunani ba, na ce batir ne ya gaji. Na ɗauko kwalaben batir na ajiya na jona su a kan na da, allura ta ɗan ɗaga, akawu ya ce madalla, na tafi gida ina hura hanci. Bayan kwana shida waya ta mutu murus. Kwana huɗu ba saƙon da ya shiga, ba wanda ya fita.

Malam Ndagi ya zo daga Tsafe a kan doki, jiƙe sharkaf. Bai yi mini faɗa ba. Ya auna tsofaffin kwalaben, ya nuna mini, turinsu bai ragu da komai ba. Sai ya miƙo mini tsinke ya ce, “Mamman, tsuguna ka raba.” Na tsuguna a gaban mutane. Turi yana nan yadda yake, gudu ya koma kashi ɗaya cikin uku, ashe turjiya ce ta ninka sau uku. Wayar da muka sani da om dubu ta koma dubu uku. Ya ce, “To batir ne ya yi laifi, ko hanya ce ta toshe?” Muka bi waya da ƙafa, falwaya bayan falwaya, cikin taɓo. Kusa da Kekun Waje muka samu wurin. Wani haɗi ne da ya yi tsatsa har ya ci rabin wayar. Na gane shi tun daga ƙasa, domin murɗin hannuna ne. Watanni kafin nan na haɗa shi ban zuba masa dalma ba, ina sauri in riski kasuwa, na ce hannuna ya isa.

Ya rufa mini asiri, bai kai ƙarata ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ka riƙa rubutawa a ƙasa kafin ka hau sama.” Na yi godiya, na yi ta yi wata biyu, daga nan na koma halina. Yau ina cewa da ma ya sa an kore ni a ranar. Wataƙila da na ji zafin da zai zauna mini a rai tun abin bai kai ga jikin wani ba.

Saboda haka idan ka ga wuta ta yi rauni, kada ka fara da ƙara mata ƙarfi. Ka auna turi, ka auna gudu, ka raba. Idan turjiya ta fi yadda ka san ta, akwai inda ya lalace, ka tashi ka nemo shi ko zai ci maka yini. Kuma idan babba ya yafe maka kuskure, kada ka ɗauka kuskuren ne ƙarami.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuta takardar nan. 

Ka san gobarar shagon auduga ta Gusau, shekara uku da suka wuce. Ka san tabon da ke hannuna na dama, ka san a nan Baba Umaru na Rawayya ya rasa idanunsa. Abin da aka gaya maka, aka gaya wa kowa, shi ne tartsatsi ne ya tashi daga inji. Ba haka ba ne.

Bayan na bar aikin tangarahu, wani Bature ɗan kasuwa ya ɗauke ni in kula masa da ƙaramin injin wuta da fitilun shagon da yake tara auduga. Shagon dogo ne, ba taga, ko da rana tsaka sai da fitila. Injin yana ba da bolt ɗari da goma. Ƙwayayen fitila goma ne, kowane yana jan rabin amfiya. Wayar da aka bi rufi da ita siririya ce, an yi ta don ɗaukar amfiya biyar, kuma an rubuta haka a jikin akwatin da ke bakin ƙofa, kullum ina gani. A cikin akwatin akwai fis, ɗan siririn zaren dalma da aka sa domin idan gudu ya wuce kima ya narke, wuta ta yanke kafin waya ta yi zafi.

Da kaka ta yi albarka auduga ta cika shagon har ƙurya, masu tsinta suka ce ba sa gani. Aka kawo ƙwai goma sha huɗu aka ce in ƙara. Ba wanda ya ce in yi ba lissafi, ba wanda ya sa ni gaggawa. Na jona su duka a kan wayar nan guda, na kunna, shago ya yi fes, sai fis ya narke. Na sa wani, ya narke. Na sa na uku, ya narke. Mutane suna zaune cikin duhu suna jira, wani ya ce ashe mai wayar ma waya tana gagarar sa, aka yi dariya. Dariyar nan ce ta shige ni. Akwai guntuwar wayar tangarahu mai kauri a aljihuna, na ciro ta na murɗa a gurbin fis. Fitilu suka kama, ba su sake mutuwa ba. Na taɓa akwatin na ji shi da sanyi, na ce a raina hannu ya sani.

Hannu bai sani ba, domin zafin ba a akwati yake ba, yana can cikin rufi inda ƙurar auduga ta kwanta a kan siririyar waya. Bayan azahar muka ji ƙauri. Kafin a ce me ke nan, wuta ta zubo daga sama a kan buhuna. Kowa ya yi ƙofa. Umaru yana can ƙurya inda na sa sababbin fitilu, shi ne mai ɗinke buhu. Na shiga na jawo shi, a nan hannuna ya ƙone. Mutane suka yi ta sa mini albarka, wai na yi jarumta. Na karɓi albarkar, ban ce komai ba.

Da hannuna ya fara warkewa, wata rana na tsuguna a bayan gida na ɗauki tsinke da hagu. Ƙwai ashirin da huɗu, kowane rabin amfiya, amfiya goma sha biyu ke nan. A kan wayar da iyakarta amfiya biyar ce. Ban kai tsawon alwala ba na gama. Abin da ya tsaya tsakanin Umaru da idanunsa ke nan, lissafin da bai kai tsawon alwala ba, kuma na iya shi tun kafin a haife ka.

Ɗana, idan fis ya narke, magana yake yi maka. Kada ka toshe masa baki. Duk abin da za ka jona, ka tambayi gudun da yake ja, ka tara su duka, ka gwada da abin da waya za ta iya ɗauka. Idan an ba ka wat ne kawai, ka raba shi da bolt, gudun zai fito. Idan ya wuce, ka ce ba zai yiwu ba sai an ja wata waya, ko wa ya aiko ka. Za a yi maka dariya. Za a ce ɗan ƙauye ya tsaya zane a ƙasa. Na san jininka, irin nawa ne, dariya tana ƙona mu fiye da wuta. Ka bar su su yi, ba a taɓa kai kowa asibiti saboda dariya ba. Sauran ƙananan abubuwa kuwa, kashe inji kafin ka taɓa, da busar da hannu, da kada ka yarda da wanda ya ce maka ai na kashe sai ka gani da idonka, waɗannan za su koya maka a can. Abin da ba za su iya cire maka ba shi ne gadon da ka ɗauka a wurina, sai kai da kanka.

Kana yawan tambayar innarka me ya sa kowace Juma'a nake tafiya Rawayya, ko ana ruwa. Ita ma ba ta sani ba, tana cewa zumunci ne. Shekara uku ina zuwa, in zauna kusa da Umaru, in ba shi labarin gari, in gyara masa danga, in dawo da maganar a cikina. Juma'ar nan da ta wuce, bayan na ji abin da ka faɗa a zaure, na kasa. Na same shi a gindin bishiyar bedi yana tufka igiya da lalube. Na gaya masa duka, tun daga ƙwai goma sha huɗu har guntuwar waya. Na ce ya yi mini duk abin da ya ga dama.

Bai daina tufkar ba. Ya ce, “Mamman, ai na sani.”

Na ce, ka sani?

Ya ce, “Na hito shan ruwa, nig gane ka bakin akwati kana murɗa wani abu. Kusan shi na abin da idona yag gani na ƙarshe. Sa'annan ban san mi a ma'anatai ba. Daga baya, da nij ji kana zuwa duk Juma'a kana ajiyar zuciya, sai nig gane.”

Na ce, to me ya hana ka faɗa?

Ya ce, “In hwaɗa ma wa? Idon ya dawo? Ni na yahe maka tun shekarar hwarko, ina dai jiran ranar da za ka iya buɗe baki. Amma akwai abu guda. An ce yaronka za shi Zariya aikin wuta.”

Na ce haka ne.

Ya ce, “Ya san wagga magana?”

Na ce bai sani ba. Sai ya lalubo hannuna, mai tabon, ya riƙe. Ya ce, “To ni ba ni bukatar komi gare ka sai wannan. Ka hwaɗa mashi kahin shi tahi. Can ma akwai masu ɗunkin buhu a ƙurya.”

Ga shi na faɗa. Ban san da wane ido za ka dube ni ba idan ka dawo, kuma wannan ma yana cikin abin da ke hana ni cin abinci. Amma gara ka raina ni kana da lafiya, mutanen da ke aiki a ƙarƙashin wayarka su ma suna da lafiya.

A cikin ƙullin tsumman da ke tare da takardar nan akwai guntuwar waya baƙa, a murɗe. Ita ce. Na tono ta daga toka washegarin gobara, kafin wani ya gani. Ba ta narke ba, ko lanƙwasa ba ta ƙara yi ba, murɗin hannuna yana nan yadda na yi shi. Ka sa ta a aljihun rigar aikinka. Duk ranar da ka ji bakinka zai ce hannu ya sani, ka taɓa ta.

Abu ɗaya nake roƙo. Takardarka ta farko, kafin ka ba ni labarin masauki ko abinci, ka amsa mini wannan. Turi bolt ɗari da goma, ƙwai yana jan rabin amfiya: nawa ce turjiyar ƙwan, kuma wat nawa yake ci? Sannan fitilu ashirin da huɗu a haɗe, wat nawa na ɗora wa wayar nan a ranar, alhali nawa ne iyakarta? Na san za ka iya fitar da shi a ka kana tafiya. Ba haka nake so ba. Ka rubuta shi daki-daki, rabawa da ninkawa, in ga inda alƙalaminka ya bi. Zan riƙa leƙa gidan waya na Gusau duk ranar da jirgi ya shigo. Idan ta zo, zan kai ta Rawayya in karanta wa Umaru, domin ya ce yana so ya ji.

Innarka tana gaishe ka, ta ce kada ka sha ruwan da ba ka ga rijiyarsa ba, kuma ka riƙe salla a kan lokaci. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare hannunka daga cutar da kai, ya tsare mutane daga hannunka. Allah ya ba ka haƙurin tsugunawa a gaban masu dariya. Ya dawo mana da kai da idanunka biyu da yatsunka goma, ba da haƙƙin kowa a wuyanka ba. Amin.

Ni ne mahaifinka, mai jiran amsa,
Mamman mai waya, Bungudu.